Hanyoyin Gane Itatuwa ta Ganye da Fure da 'Ya'ya

1.0 Gabatarwa

Sunayen itatuwa suna daga cikin darussan gina kalmomi da malamin Hausa kan koyar a firamare da ƙaramar sakandare. Sau da yawa darasin a kan allo yake ƙarewa: a jero kuka da tsamiya da ɗorawa, yara su maimaita, a tashi. Marubucin wannan babi ya taɓa zuwa duba masu gwajin koyarwa a wata makaranta a ƙasar Kabo, inda wani yaro ya nuna itaciyar da ke bakin aji ya tambayi sunanta. Ɗalibin malamin ya ce darbejiya ce, alhali kuwa maɗaci ne. Yaran, da yake 'ya'yan manoma ne, suka fashe da dariya, kuma har aka tashi bai sake shawo kansu ba. Saboda haka wannan babi zai yi bayanin yadda malami zai gane itaciyar da bai sani ba ta hanyar duba ganyenta da furenta da 'ya'yanta. An ɗauko misalan ne daga itatuwan da ake gani a gonakin da ke gefen hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa ƙasar Rimin Gado da ta Kabo zuwa Gwarzo.

2.0 Ganye

Da ganye ake farawa, domin shi ya fi daɗewa a jikin itaciya. Tambaya ta farko ita ce: tilo ne ko haɗaɗɗe? Ganye tilo shi ne wanda ya fito falle ɗaya a kan tsinkensa, kamar na mangwaro da na kaɗanya. Haɗaɗɗe kuwa shi ne wanda ƙananan falle da dama suka taru a kan tsinke guda. Wasu a jere suke dama da hagu kamar gashin tsuntsu, misali na tsamiya da darbejiya da maɗaci. Wasu kuma daga wuri ɗaya suke bazuwa kamar yatsun hannu, misali na kuka da rimi da ɗinya.

Bayan wannan sai a duba baki da bayan ganyen. A nan ne aka kayar da ɗalibin da aka ambata. Darbejiya da maɗaci dangin juna ne, amma bakin ganyen darbejiya yana da haƙora kamar zarto, na maɗaci kuwa sumul yake. Haka ma magarya da kurna: dukkansu suna da ƙaya, kuma ganyensu yana da manyan jijiyoyi uku da suka taso daga gindi. Sai dai idan aka juya ganyen magarya za a ga bayansa fari-fari mai laushin gashi, na kurna kuwa kore ne ciki da baya. Akwai kuma itatuwan da ganyensu kaɗai ya isa shaida. Na kalgo a tsage yake gida biyu kamar sawun raƙumi, na aduwa kuwa falle bibbiyu ne a gindin doguwar ƙaya koriya.

Abin lura a nan shi ne lokaci. Kuka takan zubar da ganyenta ƙarƙaf da rani. Gawo kuwa saɓanin sauran itatuwa yake yi: yakan kaɗe da damina, ya yi toho idan ruwa ya ɗauke. Wannan ne ya sa manoma suke barinsa a tsakiyar gona, don ba ya tare wa gero da dawa rana.

3.0 Fure

Idan ganye ya bar mutum cikin shakka, fure kan raba gardama. Abubuwan dubawa su ne launi da siffa da lokacin fitowa. Ɗorawa da tsamiya duk ƙananan ganye gare su, amma ɗorawa takan yi huda da rani, furenta ja ne dunƙulalle kamar tuntun hula, yana reto a kan dogon tsinke. Na tsamiya kuwa ƙarami ne, rawaya mai ratsin ja. Furen kuka babba ne fari, yana kallon ƙasa, yakan buɗe da almuru a farkon damina, kuma jemagu ne suke kai masa ziyara da dare. Bagaruwa da gawo duk masu ƙaya ne, amma furen bagaruwa rawaya ne mulmulalle, na gawo kuwa dogo ne fari-fari. Matsalar fure ita ce ba ya daɗewa, don haka dole malami ya san watan da zai fita nemansa.

4.0 'Ya'ya da Ƙwallo

'Ya'ya su ne shaida mafi ƙarfi, kuma ko lokacinsu ya wuce akan sami ɓawo ko ƙwallo a gindin itaciya. Ɗan darbejiya ƙarami ne, yakan zama rawaya idan ya nuna. Na maɗaci kuwa ƙwanso ne mai tauri kamar katako, wanda kan tsage gida huɗu ya saki iri fale-fale. Kuka da rimi da ɗinya sun yi kama ta ganye, amma ɗan kuka yana ɗauke da farin gari mai tsami, na rimi yakan fashe ya fitar da auduga, na ɗinya kuwa baƙi ne mai ƙwallo a ciki. 'Ya'yan bagaruwa, waɗanda majema suke amfani da su, suna da gaɓa-gaɓa kamar carbi, na gawo kuwa a murɗe suke. Ƙwallon kaɗanya ruwan ƙasa ne mai sheƙi, daga gare shi ake fitar da man kaɗe.

Wajibi ne a yi gargaɗi a nan: ba a gane itaciya da ɗanɗano. 'Ya'yan bini-da-zugu, wanda ake shinge da shi, da na zurma suna da guba, kuma ruwan tumfafiya yana yi wa ido lahani. Kada malami ya bari yaro ya kai abin da ba a tantance ba bakinsa.

5.0 Gudummawar Harshe

Sunan itaciya kansa yakan zama jagora. Maɗaci daga ɗacin ɓawonsa ya samo suna, farar ƙaya daga launin ƙayarta, turare daga ƙanshin ganyensa. Har ila yau Hausa ta ba sassan wasu itatuwa sunaye na daban, kamar kalwa ga irin ɗorawa da muruci ga tsiron giginya da kaba ga ganyen goruba. Amma suna yakan rikitar, domin karin harshe. Darbejiya, wadda asalinta daga Indiya ne, aka kuma fara dasa ta a Borno a 1928, ita ce wasu ke kira dogon yaro ko bedi ko maina. Bagaruwa da gabaruwa kuwa kalma ɗaya ce da aka yi wa musayar gurbin baƙaƙe. Don tantance irin wannan, ɗalibi zai amfana da littafin J. M. Dalziel, A Hausa Botanical Vocabulary, na 1916, da ƙamusun Bargery na 1934.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, sai an haɗa ganye da fure da 'ya'ya, an kuma lura da lokaci. Abin da ya fi wa malami shi ne ya tanadi littafi, ya riƙa manna busassun ganye yana rubuta wuri da wata da sunan da mutanen wurin suka faɗa masa. Manoma da makiyaya da masassaƙa da mata masu yin daddawa sun fi shi sanin dawa, kuma tambayarsu ba faɗuwa ba ce. Idan gatari da gawayi suka cinye itaciya, sunanta kan bi ta, sai fa in malami ya riga ya nuna wa yara ita da idonsu.

Jinga

1. Kawo bambance-bambance biyu tsakanin darbejiya da maɗaci.
2. Zaɓi itatuwa biyar a harabar kwalejinku, ka bayyana ganye da 'ya'yan kowace.
3. Tattaro sunayen garuruwa ko unguwanni biyar da suka samo asali daga itatuwa, kamar Rimin Gado.