Ranar da Karen Gida Ya Mutu a Bosso

A unguwannin Bosso, nan Minna, kiran sallar asuba agogon kowa ne, Musulmi da Kirista. Ladan na ɗaga murya, uwar da ke zuwa coci ita ma ta farka. Idan babu wuta, abin da ba baƙo ba ne, sai ta kunna fitilar waya, ta jawo Littafi Mai Tsarki daga gefen katifa, ta tashi yara don addu'ar safe. A rera waƙa ɗaya da muryar barci, a karanta 'yan ayoyi, a ce amin. Daga nan sai hura gawayi, ɗumamen tuwon jiya, neman safar da ta ɓata, da faɗan wanda bai yi aikin gida ba. A bakin ƙofa kuwa akwai wani da ba ya cikin addu'ar amma bai taɓa fashinta ba: karen gida, kwance, yana kaɗa wutsiya yana jiran ƙanzo.

Ba sai an kama sunan kowa ba. Irin wannan gida yana nan birjik daga Bosso Estate zuwa Tudun Fulani, har Maikunkele, hedikwatar ƙaramar hukumar. Ƙasar Gbagyi ce tun asali, ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 147,359, kuma tun da aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 1983, wadda ta fara zama a nan Bosso kafin ta faɗaɗa zuwa Gidan Kwano, baƙi suke ta kwararowa: Nufawa, Hausawa, Yarabawa, Ibo, Tibi, mutanen kudancin Kaduna. Uwar da ake magana a kanta tana iya zama malamar firamare, ko nas, ko mai sayar da doya. Da Gbagyi take gaisawa da surukarta, da Turanci take duba aikin makarantar yara, da Hausa take ciniki, da ita kuma take rera waƙa ranar taron Zumuntar Mata.

Nauyin da ke kanta ba ɓoyayye ba ne. Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu. Kuɗin Keke ya bi, kwanon masara ya bi, kuɗin makaranta ma bai tsaya a baya ba. Ba mamaki da matan Minna ne suka kasance cikin na farko a ƙasar da suka ce tura ta kai bango: a ranar 5 ga Fabrairu 2024 suka fito tare da matasa suka tare hanyar Bida a Kpakungu saboda tsadar abinci. Ga kuma jarabawa. Hedikwatar NECO a Minna take, amma zama maƙwabcin hukuma bai rage wa kowa ko kwabo a kuɗin rajista ba.

Akwai nauyin da ya fi na kuɗi. A watan Fabrairu 2021 aka kwashe ɗalibai 27 daga Kwalejin Kimiyya ta Kagara. A ƙarshen Mayu na shekarar aka kwashe yara fiye da 100 daga wata Islamiyya a Tegina, suka yi kusan wata uku a daji. A ranar 21 ga Nuwamba 2025 kuma aka shiga makarantar Katolika ta St. Mary's da ke Papiri a ƙaramar hukumar Agwara, inda ƙungiyar CAN ta ce an tafi da ɗalibai 303 da malamai 12, gwamnati ta rufe makarantun jihar nan baki ɗaya. Papiri na da nisa da Bosso, amma nisan bai kai zuciyar uwa ba. A irin wannan hali, karen da ke haushi da dare ba abin ƙawa ba ne kamar na Turawa. Maigadi ne da ba ya karɓar albashi, kuma a makonnin da yara suka zauna gida ba makaranta, shi ne abokin wasansu.

To da duk wannan nauyi, yaushe wannan baiwar Allah take karatu?

Tana yi, fiye da yadda ake zato. An saba cewa mutanenmu ba sa karatu, amma mai wannan magana bai leƙa jakar matan coci ba. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ba da shekaru a kansa, kuma a gidaje da dama shi da Littafin Waƙoƙi ne littattafan da ake buɗewa kullum har bangonsu ya sale. Ga ɗan littafin ibada na kowace rana, ga takardar nazarin da za ta jagoranta a Zumunta, ga saƙonnin WhatsApp na ƙungiyar iyayen yara da ta matan unguwa. Idan aka tara, ta fi wasu masu digiri karatu. Sai dai kusan dukkansa iri biyu ne: na ibada da na dole. Karatun da za ta zauna da yaro a cinya su bi labari don daɗinsa kawai, shi ne ya fi ƙaranci, kuma laifin ba nata kaɗai ba ne. Littafi ya yi tsada, jiki ya gaji, sannan jihar da ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru ta kasa ba ɗakinta hasken awa biyu a jere da daddare.

Abin takaicin shi ne wannan ƙasa ta marubuta ce. A Kagara aka haifi Abubakar Imam a 1911, mai Magana Jari Ce. A Minna aka haifi Cyprian Ekwensi a 1921, a nan kuma aka haifi Ben Okri a 1959, wanda ya ci kyautar Booker a 1991. Marigayi Abubakar Gimba ya shugabanci ƙungiyar marubuta ta ƙasa, B. M. Dzukogi kuma ya shafe shekaru yana renon matasan marubuta a gidauniyar Hill-Top. Yaron Bosso na iya gama firamare bai ji sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Amfanin wancan karatu na cinya ba ya fitowa fili sai ranar da wani abu ya faru wanda ba ya cikin manhajar makaranta. Misali, ranar da aka wayi gari kare bai zo bakin ƙofa ba.

Hanyoyin mutuwar kare a garin nan sanannu ne. Mota ta buge shi a titin Bosso. Ya ci ɓeran da ya ci guba, ko ya ci gubar kanta da aka zuba a shara. Ɓarayin karnuka su yi gaba da shi. Idan kwikwiyo ne kuwa, sau da yawa cutar da likitocin dabbobi ke kira fabo ce: ya daina cin abinci, ya yi ta amai da zawo mai jini da wari, cikin 'yan kwanaki ruwan jikinsa ya ƙare. Uwa na gani, tana lissafin kuɗin likita da na cefane, kafin ta yanke shawara rai ya yi halinsa.

Ga babba, wannan ƙaramin rashi ne a ƙasar da ake binne mutane kullum. Shi ya sa amsar da ta fi saurin fitowa daga bakin uwa ita ce, "Haba, kare ne fa! Share hawayenka kada mutane su yi mana dariya." Wata kuma don tausayi sai ta rufe da ƙarya: an kai shi ƙauye, ko ya yi barci. Duka biyun suna da illa. Masu nazarin tunanin yara sun daɗe da lura cewa yaron da bai kai shekara biyar ba yakan ɗauki mutuwa kamar tafiya ce da ake dawowa, sai wajen shekara biyar zuwa bakwai yake fara gane cewa ba a dawowa, kuma kowane mai rai zai ɗanɗana. Wanda aka ce masa kare ya yi barci yana iya fara tsoron kwanciya. Wanda aka ce masa an kai shi ƙauye zai yi ta tambaya har Kirsimeti, kuma ranar da ya gano gaskiya ya koyi cewa Mama na iya yi masa ƙarya a kan babban abu. Wanda aka yi wa tsawa kuwa ya koyi haɗiye baƙin ciki, darasin da zai ɗauka har ranar da kakarsa za ta rasu.

Ga yara da yawa, wannan ce gawar farko da suka sani da ranta. Kalmar da ta dace gajeriya ce: ya mutu, ba zai dawo ba, ba laifinka ba ne. Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci, domin yaron da ya taɓa jifan karen da takalmi, ko ya manta bai ba shi ruwa ba, yakan ɗora wa kansa alhakin a ɓoye.

Sai tambayar da ke sa uwa Kirista ta yi shiru da ludayi a hannu: "Mama, zai je sama?" Ikilisiyoyi ba su da amsa guda a kan wannan, kuma uwar da ta ce ba ta sani ba, amma ta san Allah ne ya halicce shi kuma bai manta da shi ba, ba ta yi saɓo ba. A nan ne karatun asubar nan yake biyan ta. A littafin Sama'ila na biyu akwai labarin da Annabi Natan ya ba Sarki Dawuda, na wani matalauci da 'yar tunkiyarsa guda, wadda ta tashi tare da 'ya'yansa har ta zama kamar ɗiya a gidan. Labarin don tsawata wa sarki aka ba da shi, amma bai yi wa matalaucin dariya don ya ƙaunaci dabba ba. Ƙaunar ce ma ta sa laifin ya yi nauyi. Masu zuwa babban cocin St. Michael da ke hanyar Bosso suna da littafin Tobit a nasu kundin, inda kare ya raka saurayi Tobiya doguwar tafiya ya dawo tare da shi. Maƙwabciyarta Musulma, ko da ba ta ajiye kare a gida, ba za ta rasa abin cewa ba idan ta leƙo jin dalilin kukan: ta san karen Ashabul Kahfi da ke kwance a bakin kogo, ta kuma san sahabin da aka yi wa laƙabi da Abu Huraira saboda 'yar kyanwarsa.

Kafin a kai ga ta'aziyya dai, akwai abin da ya fi gaggawa, kuma a nan ne gidaje da yawa suke sakaci. Idan kare ya sauya hali kafin ya mutu, yana dalalar da yawu, yana cizon duk abin da ya gani, ko ya kasa haɗiya, ko ƙafafunsa suka shanye, kada a bar yara su taɓa shi don bankwana. Yana iya zama ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalilin a fili yake: su ne ke wasa da kare, su ne kuma ke ɓoye cizo don tsoron duka. Don haka tambayar farko da uwa za ta yi, cikin lallashi ba da bulala a hannu ba, ita ce ko ya ciji wani, ko ya yakushe shi, ko ya lashi wani ciwo a jikinsa. Idan haka ta faru, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar don allura. Ba a jiran alama, domin da zarar ta bayyana kusan babu mai tsira. Toka, man ja, ko ɗora gashin karen a kan ciwon ba sa maganin komai. Gawar kuma a sanar da likitan dabbobi kafin a taɓa ta, a binne da zurfi, ba a jefa a kwata ko bola ba.

Idan babu wannan fargabar, barin yara su tsaya a haƙa rami a bayan gida, su ɗora dutse, su faɗi abin da suke tunawa, ba bidi'a ba ce kuma ba kwaikwayon Turawa ba ne. Minti goma ne. Wasu yaran za su zana karen, wasu za su so a rubuta labarinsa a bayan littafin lissafi, kuma uwar da ta karɓi takardar ta karanta da murya, ba tare da gyara kuskuren rubutu ba, ta yi irin karatun da aka ce ya yi ƙaranci.

Maigida yakan so ya kashe maganar da sabon kwikwiyo washegari. Gara a dakata. Yaro na bukatar 'yan makonni kafin ya yarda cewa sabon ba tsohon ba ne ya dawo, sannan idan fabo ce ta yi kisan, ƙwayar cutar tana iya zama a ƙasar tsakar gida watanni da yawa tana jiran na gaba. Sai an wanke daɓe da kwanonin da ruwan bilic, an ƙone tsumman da ya kwanta a kai. In sabon ya zo, allurar fabo ta farko tana kamawa yana da mako shida zuwa takwas, a maimaita bayan kowane mako uku ko huɗu har ya kai kimanin wata huɗu. Ta haukan kare kuwa ana yin ta yana da wata uku, a sabunta kowace shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa wannan rigakafi, kuma a kusa da ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, akan samu wuraren da ake yin ta kyauta.

Likita zai ba da kati mai ɗauke da ranar komawa. A yawancin gidajen nan wuri ɗaya ake ajiye takardar da ba a so ta ɓata, tare da rasiɗin kuɗin makaranta da katin awo: tsakanin shafukan littafin da ake buɗewa da asuba.