Wasa 17 Kacal a Shekara: Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Bin Kakar Ƙwallon Amurka

Wanda ya saba da Firimiyar Ingila ya saba da yalwa. Ƙungiyarsa za ta buga wasa 38 a gasar, ga kofunan cikin gida, ga na Zakarun Turai idan ta samu gurbi. In an doke ta ranar Asabar, kafin takaicin ya gama narkewa Laraba ta zo da wani wasan. Mai goyon bayan ƙwallon Amurka, wato gasar NFL, ba shi da wannan gatan. Wasa 17 ƙungiyarsa za ta buga daga farkon Satumba zuwa farkon Janairu. Idan ba ta tsallaka zagaye na gaba ba, sai ya ninke rigarsa ya ajiye, wata takwas cur kafin ya sake ganin wasan da ake lissafawa. Kusan duk ɗabi'un masu bin wannan wasa daga ƙarancin nan suka samo asali, kuma shi ne ya sa nake ganin kakar tana da wani irin nauyi da ba a samu a gasar da ake bugawa kusan duk shekara.

Shi kansa wasan yana rikita baƙo a kallon farko. Ƙwallon mai tsini biyu ce, da hannu ake riƙe ta a mafi yawan lokaci, kuma da an yi ɗan gudu sai ka ga an tsaya an yi cirko-cirko. Abu ɗaya za ka riƙe, sauran su biyo baya. Filin yadi 100 ne, irin yadin da ake auna shadda da shi, da ƙarin yadi goma a kowane ƙarshe inda ake cin maki. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da yunƙuri huɗu ta matsa gaba yadi goma, ko ta hanyar rungumar ƙwallon a ruga da ita, ko ta jefa wa wani ya cafe. Idan ta cika goman, sai a ba ta sabon yunƙuri huɗu. Idan ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Shiga da ƙwallo cikin gidan abokan hamayya, abin da suke kira tacidawun, maki shida ne, sannan a ba ka damar ƙara ɗaya ko biyu. Buga ta da ƙafa ta ratsa tsakanin dogayen sandunan nan maki uku ne. Mutum 11 ne a kowane ɓangare, amma masu kai hari daban, masu tsaro daban, suna shiga suna fita. Agogon wasa minti 60 ne, an raba shi kashi huɗu, sai dai tsaye-tsaye da tallace-tallace kan ja shi ya kai awa uku.

Tsaye-tsayen nan da ke gundurar sabon mai kallo, a cikinsu tsohon mai kallo yake samun daɗinsa. Ɗauki yunƙuri na uku, saura yadi takwas. Akwai daƙiƙa 40 kafin a sake taɓa ƙwallo. Kwatabak, mai jefa ƙwallo kuma jagoran hari, ya tara mutanensa sun haɗa kai, ya faɗa musu dabarar da koci ya turo. Sun jeru, sai ya lura masu tsaro sun matso fiye da yadda ya zata, ya ɗaga murya ya canza dabara nan take. Kai da ke zaune kana ta lissafi: jifa za a yi ko gudu? In an kasa, koci zai yi kasadar yunƙuri na huɗu, ko zai sa a doka ƙwallon can nesa don a wahalar da abokan hamayya? Wasan ya fi kama da dara da ake yi da jikin ƙarti.

A daidai wannan gaɓa ce 'yan kallo suke shiga wasan da kansu. Idan ƙungiyar gida ce ke da ƙwallo, filin yakan yi tsit don 'yan wasa su ji muryar kwatabak. Idan baƙi ne, sai mutum dubu saba'in su ɓarke da ihu da gangan, don umarni ya ɓace a iska, wani ya motsa kafin lokaci a ci su tarar yadi biyar. Ranar 29 ga Satumba, 2014, magoya bayan Kansas City Chiefs sun kai ƙarar ihunsu desibel 142.2 a filinsu na Arrowhead, abin da ya shiga kundin Guinness. A daren nan ne kuma ɗan wasan Chiefs, Husain Abdullah, wanda ya taɓa ajiye kakar 2012 gaba ɗaya don ya je aikin Hajji, ya tare jifan Tom Brady, kwatabak ɗin abokan hamayya, ya ruga da ƙwallon har gida, ya faɗi ya yi sujada. Alƙalin wasa ya hukunta shi. Washegari hukumar gasar ta fito ta ce kuskure ne, bai kamata a hukunta shi ba.

Da yake wasan gida takwas ne ko tara a shekara, ba a zuwansa a gaggauce. Tun da hantsi mutane ke cika filin ajiye motoci, a buɗe bayan mota, a fito da murhun gashi da kujerun ninkewa, hayaƙin nama ya turnuƙe wurin awanni kafin a buɗe ƙofa. A Green Bay, garin da mutanensa ba su wuce dubu ɗari da 'yan kai ba, za ka ga dattijo da hula mai siffar yankan cuku a kansa, yana zaune cikin dusar ƙanƙara a filin Lambeau. Ƙungiyar tasu, Packers, ba ta da attajiri guda da ya mallake ta. Dubban ɗaruruwan magoya baya ne ke riƙe da hannun jarinta, jarin da ba ya kawo ribar ko sisi, kuma jerin masu jiran tikitin shekara yana da tsawon da iyaye kan rubuta sunan jariri a ciki tun yana cikin zanen goyo.

Yawancin wasanni ranar Lahadi ake yin su, sai guda a daren Alhamis da kuma daren Litinin. Ga mai kallo daga Najeriya ko Nijar, rukunin farko na ranar Lahadi yana farawa ƙarfe shida na yamma, ya koma bakwai daga farkon Nuwamba idan Amurkawa sun mayar da agogonsu baya. Wannan da sauƙi. Manyan wasannin dare kuwa sai bayan ƙarfe ɗaya ko biyu na dare, a tashi ana shirin kiran Asuba, don haka mai zuwa aiki da safe gara ya jira taƙaitaccen bidiyo. Sauran kwanakin mako na tauna ne. Litinin a yi ta jayayya kan hukuncin koci, tsakiyar mako a zuba ido kan rahoton masu rauni, wa ya fito atisaye wa bai fito ba. Da yawa kuma suna haɗa ƙungiyar gaibu a waya, irin wadda matasanmu ke yi da 'yan wasan Firimiya, har mutum ya tsinci kansa yana fatan alheri ga ɗan wasan ƙungiyar da ya tsana.

Ƙungiyoyi 32 ne a gasar, an raba su ɓangare biyu, AFC da NFC, kowane ɓangare kuma rukuni huɗu masu ƙungiya hurhuɗu. Rukuninka shi ne unguwarku. Kowace shekara sai kun haɗu da maƙwabtan nan uku gida da waje, shi ya sa gaba take tsufa a tsakaninku: Packers da Chicago Bears suna karawa tun 1921. Wanda ya zo na ɗaya a rukuni ya tsallaka kai tsaye, sai a ƙara uku mafi kyawun sakamako daga kowane ɓangare, jimla 14. Satumba wata ne na zato, kowa yana ganin bana tasa ce. Zuwa ranar bikin godiya, Alhamis ta huɗu a Nuwamba, ranar da iyalai ke cin talo-talo suna kallon Detroit Lions da Dallas Cowboys kowacce tana karɓar baƙi a gidanta bisa al'ada, an fara gane mai ƙarfi. Disamba kuwa watan lissafi ne, na idan mun ci wancan, su kuma wane suka faɗi.

Daga Janairu sili ɗaya ƙwale ake yi, babu gida da waje, babu gyara kuskure. Kakar 2007 ta nuna zafin wannan tsari. New England Patriots sun cinye wasanninsu 16 na lokacin ba a doke su ko sau ɗaya ba, suka ƙara biyu a zagayen ƙwale, suka iso wasan ƙarshe, Super Bowl, kowa na jiran a naɗa su. New York Giants suka doke su 17 da 14. Cikin 'yan Giants da suka hana Brady, kwatabak ɗin Patriots, sakat a daren har da Osi Umenyiora, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, kuma shi ne daga baya ya zama ƙashin bayan sansanonin neman matasa da NFL ta fara a Ghana a 2022. Kafin shi an yi Christian Okoye, haifaffen Inugu, wanda ya fi kowa yawan yadin gudu da ƙwallo a kakar 1989. Magoya bayan Buffalo Bills kuwa sun ga ƙungiyarsu ta je Super Bowl sau huɗu a jere, daga 1991 zuwa 1994, ta dawo hannu rabbana duka huɗun, kuma har yau filinsu cika yake yi cikin sanyin da ke daskarar da yatsu. Super Bowl ɗin ana yin sa Lahadi ta biyu a Fabrairu, wajen sha biyu da rabi na dare a agogonmu, kuma na 2024 sama da mutum miliyan 120 suka kalla a Amurka kaɗai.

Me ya sa wasa 17 kawai? Jiki ne ba zai ɗauki fiye da haka ba. Mutum mai nauyin kilo 140 yana karo da ɗan'uwansa sau da dama a wasa ɗaya, kuma hular kwano tana kare ƙoƙon kai, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa jijjiga a ciki. A 2002 wani likita ɗan asalin jihar Anambara, Bennet Omalu, yana aikin binciken gawa a Pittsburgh, ya duba ƙwaƙwalwar Mike Webster, tsohon gwarzon Steelers, ƙungiyar garin, da ya rasu yana da shekara 50 bayan ya sha fama da ruɗewar tunani. Ya gano lalacewar da yawan bugun kai ke haifarwa, cutar da ake kira CTE, ya wallafa bincikensa a 2005. Likitocin da ke aiki da gasar suka nemi a janye shi. Sai a 2016 wani babban jami'in NFL ya amsa a gaban 'yan majalisa cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar. An sauya dokoki, ana fitar da wanda ya bugu a kai a duba shi, amma haɗarin yana nan. A ranar 2 ga Janairu, 2023, zuciyar Damar Hamlin na Bills ta tsaya a tsakiyar fili bayan wani karo, aka farfaɗo da shi a gaban jama'a, 'yan wasa na kuka, aka soke wasan. Ya rayu, har ya dawo fili. Ni dai ina ganin bai dace mai son wasan nan ya kawar da kai daga wannan ɓangare ba, musamman yanzu da ake maganar ƙara wasa na 18.

Abin da zai fi ba mai bin ƙwallon Turai mamaki shi ne makomar wanda ya zo na ƙarshe. A can babu faɗawa gasar 'yan dagaji. Kuɗin talabijin na ƙasa ana raba shi daidai wa daida tsakanin ƙungiyoyi 32, kuma akwai iyakar abin da kowace za ta kashe kan albashin 'yan wasa, dala miliyan 255 da ɗoriya a 2024, don kada mai kuɗi ya saye gwanaye duka. Sannan a ƙarshen Afrilu ana zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, zagaye bakwai, kuma ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi ita ke fara zaɓa. Cincinnati Bengals wasa biyu kacal suka ci a 2019. Suka ɗauki kwatabak Joe Burrow a zaɓin farko, kuma a Fabrairun 2022 sai ga su a Super Bowl. Zaɓen ba ya rasa kuskure. Brady, wanda ya ɗaga kofin sau bakwai, sai da aka kira sunan mutum 198 a shekarar 2000 kafin a zo kansa.

Saboda haka mai goyon bayan ƙungiyar da ta lalace tun Nuwamba yakan koma kallon wasannin jami'a ranar Asabar, yana nazarin yaron da yake fatan a kawo musu. Litinin ɗin da ke bin wasa na 17 ita ce ranar korar kociyoyi, Maris lokacin cinikin 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare, sai Afrilu ranar zaɓe. Ba a taɓa ƙwallo a taron zaɓen. Shugaban gasar ne yake hawa dandamali da kati a hannu yana karanta sunaye, matashi ya tashi ya rungumi mahaifiyarsa, a miƙa masa riga da hular sabuwar ƙungiya. Da aka yi taron a Detroit a 2024, watanni uku bayan Lions sun ci wasan ƙwale na farko cikin shekara 32, mutum sama da 775,000 ne suka fito titi cikin kwana uku don su ji ana kiran sunayen.