Tsakanin "K.I.V." da "ba a amince ba": kalmomin Turancin da ke riƙe fayil daga Gombe zuwa Abuja

Tun ranar 1 ga Oktoban 1996 da gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi, ofisoshin tarayya suke ƙaruwa a birnin Gombe. Akwai sakatariyar tarayya, da Asibitin Koyarwa na Tarayya, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha, da Babbar Kotun Tarayya. Ma'aikatan waɗannan wurare da Hausa da Fulatanci suke hira, wasu da Tangale ko Tera ko Waja, amma takarda Turanci kaɗai take ji. Kuma takardar ƙarin girma, ko ta canjin wurin aiki, ko ta haƙƙin ritaya, galibi sai ta je Abuja ta dawo. Amsar da take dawowa da ita ba ta cika wuce kalma biyu ko uku ba, da jan biro ko kore a gefen shafi. A cikin waɗannan 'yan kalmomi ne ake gane ko mutum zai jira, ko ya haƙura, ko ya ɗaukaka ƙara.

Hausa ba ta rasa kalmomi a wannan fage ba. Tana da jinkiri da jan ƙafa, tana da ɗagewa da jinginewa da dakatarwa, tana da ƙi da watsi da fatali, tana da turjiya da bijirewa. Matsalar ita ce Turancin ofis ya ƙware wajen sanya wa ƙi rigar jinkiri, shi kuma mai fassara wa jama'a yakan ƙara masa babbar riga saboda kunya.

Haruffan "K.I.V." su ne sarakan wannan gida. Taƙaitawa ce ta "keep in view", wato a ajiye a inda ido zai riƙa gani. A zahiri babu idon da ke gani, domin umarnin ba ya ɗauke da rana. Ɗan'uwansa "B.U.", wato "bring up", ya fi shi amana: ana rubuta shi da kwanan wata, kuma wajibi ne ma'ajiyar fayiloli ta dawo da fayil ɗin teburin jami'in a ranar. Bambancin su biyun shi ne bambancin "dawo ranar Talata" da "sai na neme ka". Shi kuwa "P.A.", "put away", ya gama magana, a mayar da fayil ma'ajiya. "Noted" ba ta yi alkawarin komai ba, an gani kawai. "Receiving attention" da "under consideration" kan iya zama gaskiya, kan kuma iya zama mayafi. Ba a gane su sai an tambayi teburin da takardar take da kuma tun yaushe take can.

Kalmomin ƙi na gaskiya ba su da yawa, kuma duk da ɗacinsu sun fi sauƙin sha'ani. "Not approved", "declined", "rejected". Wasiƙar da ta fara da "regret" tun a layin farko ta faɗi ƙarshenta. Wanda ya karɓi irin wannan amsa ya san matsayinsa: yana iya gyara takardarsa ya sake shigarwa, yana iya kai kuka gaba. Wanda aka yi wa "K.I.V." ba shi da abin da zai ɗaukaka, don a rubuce ba a hana shi komai ba.

Tsarin Mulkin 1999 ma ya san wannan rami, shi ya sa ya yi masa murfi. Sashe na 58 ya ba shugaban ƙasa kwana 30 ya bayyana ko ya sa hannu a ƙudurin doka ko ya riƙe amincewarsa. Kalmar da aka yi amfani da ita ita ce "withhold", riƙewa, ba yarwa ba. Idan ya riƙe, kashi biyu bisa uku na kowace majalisa na iya zartar da ƙudurin ba tare da shi ba, kamar yadda aka yi wa Shugaba Obasanjo a 2000 kan dokar hukumar raya yankin Neja Delta. Da Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu a gyaran dokar zaɓe a Disambar 2021, ya rubuta wa majalisa dalilansa. Aka gyara, ya sa hannu ranar 25 ga Fabrairun 2022. Ƙin da aka bayyana da dalili bai cika wata uku ba ya zama doka. Kafofin Hausa kan kira irin wannan "hawa kujerar na ƙi", fassarar "veto", kalmar Latin mai nufin "na hana".

A zauren majalisa da na taron ministoci akwai "stepped down", wato an jingine batu zuwa wani zama, wanda ba lallai ya zo ba. Akwai "sine die", ita ma Latin, ɗagewa ba tare da sa rana ba, abin da Bahaushe ya riga ya raɗa wa "sai baba ta gani". Hadimin da ke karanta rahotannin waje ya kula da "table": a Ingila, da nan Najeriya, gabatar da batu take nufi, a Amurka kuwa ajiye shi gefe.

Ƙungiyoyin ƙwadago ma suna da nasu zaɓen kalma. Ɗaliban Gombe da ke jami'o'in tarayya sun zauna a gida daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022, kuma da ASUU ta koma aji "suspend" ta ce, dakatarwa. Ba ta ce "call off" ba, wadda ita ce janyewa baki ɗaya. Wanda ya fassara su biyun da "an janye yajin aiki" ya ɓoye wa iyaye cewa sandar tana nan a jingine bayan ƙofa. "Boycott" kuwa, ƙauracewa, sunan mutum ne: Kyaftin Charles Boycott, wakilin mai gonaki a Ailan, wanda manoma suka daina hulɗa da shi a 1880.

Mutanen Gombe ba sa buƙatar ƙamus kafin su san tsadar jinkiri. Madatsar ruwan Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola, gabas da birnin, an gama ta tun cikin shekarun 1980. Tashar lantarki mai megawat 40 da aka tsara mata ta shafe fiye da shekara 30 kafin ta ba da wuta. A tsawon wannan lokaci ba a ji wata gwamnati ta fito ta ce ba ta son aikin ba. Kowa yana so, ana dai dubawa.

Abin da ya kamata ma'aikacin tarayya ya riƙe shi ne doka ta fara fassara shiru da kanta, kuma ta hanya biyu masu kishiyantar juna. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙata, da damar ƙarin wasu 7 a wasu yanayi. Idan wa'adin ya wuce babu amsa, doka ta ɗauka an ƙi, kuma mai nema yana da kwana 30 ya garzaya kotu. Hukumar da ta ƙi a rubuce dole ta faɗi dalili, wadda aka kama da hanawa ba bisa ƙa'ida ba kuma tarar naira 500,000 na jiran ta. Ta ɗaya ɓangaren, Umarnin Shugaban Ƙasa na 001 da Farfesa Yemi Osinbajo ya sa wa hannu yana muƙaddashi a watan Mayun 2017 ya ce takardar neman lasisi ko izini da hukuma ta yi shiru a kanta har wa'adin da ta sanar ya ƙare, a ɗauka an amince. Dokar sauƙaƙa kasuwanci ta 2023 ta mayar da wannan tanadi cikakkiyar doka. Wato jami'in da ya rubuta "K.I.V." a kan irin wannan takarda yana ganin ya sayi lokaci, mai yiwuwa ya ba da izini ne bai sani ba, ko ya jawo wa ofishinsa sammaci.

Gombe na da dalilin kula da wannan fiye da wasu. Ita ce ta zo ta ɗaya a jihohin ƙasar nan a binciken sauƙin kasuwanci na majalisar PEBEC a 2021, ta sake zuwa a 2023. Amma ɗan kasuwar da ya gama da ofishin jiha cikin sauri yakan tarar da sauran takardunsa a hannun hukumomin tarayya: rajistar kamfani, haraji, izinin NAFDAC. Hadimin da ke rubuta wa maigidansa daftarin amsa shi ne ke zaɓar ko zai sa "B.U." da kwanan wata, ko "not approved" da dalili a layi ɗaya, ko haruffa ukun nan marasa rana.