Haɓon Gado da Aikin Leza a Cikin Hanci

Idan kana yawan haɓo, kuma mahaifinka ko mahaifiyarka ma haka suke, tambayi likita game da cutar HHT. Cutar gado ce mai raunana ƙananan jijiyoyin jini, kuma duk ɗan da mai ita ya haifa, yiwuwar ya gada kashi 50 ne cikin 100.

Likitan hanci kan ƙone jajayen ɗigon da ke zubar da jinin da hasken leza. Haɓon yakan lafa na wasu watanni, amma yakan dawo, sai a maimaita aikin. Saboda haka kada ka ɗauka ka warke. Riƙa jiƙa hancin da ruwan gishiri na kemis, musamman da hunturu. A kuma duba maka huhu, domin cutar kan taɓa jijiyoyin can ba tare da wata alama ba.