Sifiriya, Ɗan Itacen Fadamun Arewacin Amurka

Sifiriya ɗan itace ne da ke fitar da rassa sirara masu yawa tun daga tushe, kamar yadda sabara take yi. Danginta ɗaya da wardi da tuffa. A shekarar 1753 ne masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya rubuta ta da sunan Spiraea. Nau'o'inta sun kai 80 zuwa 100, dukkansu a yankuna masu sanyi na arewacin duniya, kuma sun fi yawa a gabashin Asiya, musamman ƙasar Sin.

Nau'in da ya fi sauƙin ganewa shi ne Spiraea tomentosa, mai fitowa da kansa a fadamu da bakin tafkuna na gabashin Amurka da Kanada. Da wuya tsayinsa ya wuce mita ɗaya da 'yan kai. Ganyensa ba sa fitowa biyu-biyu. Ɗaya a wannan gefe, na gaba a wancan, kuma bakin kowanne yana da haƙora. Babbar shaidarsa tana bayan ganyen: in an juya shi, sai a ga ya lulluɓe da gashi mai laushi, fari-fari ko ja-ja, alhali samansa kore ne shar. Wanda ya dogara da launin fure kaɗai zai iya kuskure, wanda ya juya ganye kuwa da wuya ya ɓata.

Furen yana buɗewa daga Yuli zuwa Satumba. Ƙanana ne ƙwarai, ruwan hoda, kowanne da ganyen fure biyar da zaruruwa masu ɗauke da garin fure, waɗanda ke jawo ƙudan zuma. Suna taruwa cunkus a dogon gungu mai tsini, kuma na can ƙololuwa ne ke fara buɗewa, sannan abin ya gangaro ƙasa. Bayan fure, kowanne yakan bar 'yan kwanso biyar masu gashi, cike da ƙananan iri. Busasshen gungun yana nan tsaye har cikin hunturu, don haka ana gane itacen ko ganye ya zube.

'Yar'uwarsa Spiraea alba tana son irin wannan dausayi, amma furenta fari ne, bayan ganyenta kuma kusan sumul. Ita kuwa Spiraea japonica, wadda aka kai Amurka daga Asiya don ƙawata lambuna har ta bazu cikin daji tana danne tsirran gida, gungun furenta a baje yake, ba tsini.

Akwai kuma Filipendula ulmaria ta Turai, wadda a da ake lissafa ta cikin sifiriya. Ganye ce mai mutuwa har ƙasa duk hunturu, ba ta da itace, kuma ganyenta rarrabe yake gida-gida. Ganyen sifiriya ta gaskiya guda ne, kuma karanta itace ne mai tauri.