Abincin Gwauro: Dafawa da Ajiya

Yau maganarmu ta gwauro ce, da ɗan ƙodago, da duk mai girka wa kansa.

Kai da ba ka da mai hura maka wuta, kakan cika tukunya don ta kai ka gobe. To, ka sani, dafaffen abinci in ya wuce awa 2 a ajiye cikin zafin nan namu, ƙwayoyin cuta suna ta hayayyafa a ciki, ko bai yi tsami ba. Daga nan sai amai da zawo, ga shi ba mai miƙo maka ruwa.

Saboda haka auna abin da za ka cinye. In miya ta ragu, rufe ta saboda ƙuda, kada ka ci sai ta sake tafasa sosai. Shinkafa kuwa kada ta kwana, gama ɗumame ba ya kashe dafin da ke tsirowa cikinta.

Tanadinka ya zama busasshe: kuka, daddawa, wake, cikin gwangwani mai murfi.

In zawo ya kama ka, dama sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokali, cikin tafasasshen ruwa lita 1. Yi ta kurɓa, ka zo ɗakin magani.

Allah ya ba mu lafiya, amin.