Tsaron intanet: Shin koyon kwance manhaja na da amfani ga mai neman sana'a?

A garin Kuru da ke ƙaramar hukumar Jos ta Kudu a jihar Filato ne Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Ƙasa, NIPSS, take tun shekarar 1979. A nan manyan hafsoshin soja, 'yan sanda da jami'an gwamnati ke nazarin manufofin ƙasa. Sai dai a fannin tsaron intanet, manufa ba ta wadatarwa sai da ƙwararrun da za su aiwatar da ita, ciki har da masu iya kwance manhaja.

Kwance manhaja shi ne a ɗauki manhajar da aka gama haɗawa, a bi ta daki-daki har a gano yadda aka gina ta da abin da take aikatawa a ɓoye, kamar yadda bakanike ke kwance inji don gano inda matsala take. Masu kutse ba sa bayar da asalin rubutun manhajarsu, don haka wannan ce hanyar sanin sirrinta.

An ga amfanin haka a ranar 12 ga Mayun 2017, lokacin da manhajar WannaCry mai garkuwa da bayanai don neman kuɗin fansa ta bazu zuwa ƙasashe fiye da 150, har ta tsayar da aiki a asibitoci da dama a Birtaniya. Wani matashi mai shekara 22, Marcus Hutchins, ya lura cewa manhajar na neman wani adireshin intanet da ba a yi wa rajista ba. Da ya yi masa rajista, sai yaɗuwarta ta lafa. Haka kuma, ta wannan hanya ce masana suka gano cewa manhajar Stuxnet, wadda ta bayyana a 2010, an ƙera ta ne don lalata injinan tace sinadarin yuraniyom na Iran.

A da, kayan aikin na da tsada. Amma a 2019 Hukumar Tsaron Ƙasa ta Amurka ta saki manhajar Ghidra kyauta, ta yadda ɗalibi a Kuru ko Bukuru zai iya saukar da ita a kwamfutarsa.

Duk da haka, ba da ita ake fara karatu ba. Yawancin guraben aiki a bankuna da kamfanonin sadarwa na sa ido ne kan hanyoyin sadarwa da kai ɗauki idan an yi kutse. Mai son kwance manhaja sai ya fara sanin harshen shirya manhaja na C, da harshen da na'ura ke fahimta kai tsaye, da yadda Windows da Linux ke aiki. Wannan kan ɗauki lokaci da haƙuri, domin gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido.

Akwai kuma batun doka. Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba. Don haka ana gwaji ne a keɓaɓɓiyar kwamfuta da ba ta haɗe da ta kowa.

Ga wanda ya kafa tushe, ilimin na bambanta shi da sauran masu neman aiki. Ga ƙasa kuwa, cibiyar ngCERT da ke ƙarƙashin ofishin Mai Bai wa Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro na buƙatar irin waɗannan ƙwararru, domin ƙasar da ba ta iya kwance makamin da aka harbe ta da shi, dole ta jira baƙi su faɗa mata abin da ya same ta.